Kawu Habu da Wasiyyar Audu Mai Famfo

Kawu Habu bai taɓa cin ƙosai da zafinsa ba. Ku da kuka zauna da shi kun sani. Za a kawo masa a ƙunshe cikin tsohuwar jarida, sai ya juye ƙosan a faranti, ya baje takardar a cinya, ya shafe man da gefen hannu, ya karanta ta daga sama har ƙasa. In labarin ya yanke a tsakiya, tashi zai yi ya bi mai ƙosan ya tambaye ta ina ɗaya shafin. Akwai ranar da ya kusa ƙarar wa matar nan da kasko, don kawai ya ji yadda aka ƙare da wani rikicin fili a garin da bai ma san a wace jiha yake ba.

Tafinta ne a kotu har ya yi ritaya, shi ya sa. Cewa yake duk abin da ka gani a rubuce, wani ne ya zauna ya rubuta, kuma rashin kunya ne ka wuce shi ba ka tanka ba.

To ni Lawan, ɗan ƙanwarsa, ni na jawo masa abin da ya cinye sauran shekarunsa. Ya ba ni shagon ƙofar gidansa nan Gumel, wai in zuba sabulu da sukari in zama mutum. Na zuba tibi da gem. Kafin a ce me, matasan unguwa sun cika wurin, ana buga gem ɗin ƙwallo ana ihu kamar kasuwa ta kama da wuta. Kawu ya yi haƙuri iya haƙuri, wata safiya ya saɓo sandarsa ya shigo korata.

Ya same ni ni kaɗai ina buga wani gem na kumbo, kashi na biyu. Labarinsa ba wuya. Wani ƙaton kumbo ne, girman Gumel da Maigatari a haɗe har da karar shanu, ya lalace can bayan taurari, dodanni sun cika shi, kai kuma ka shiga da bindiga ka yi ta harbi har ka fita ta ɗaya gefen. Masu gem ɗin sun ɓoɓɓoye 'yan takardu a lunguna, ƙarƙashin gado, bayan tanki, kusa da gawarwaki, wai mutanen kumbon ne suka rubuta kafin su mutu. Ba mai karantawa. Ba a ƙara maka harsashi don ka yi karatu.

"Lawan, tattara komatsanka," in ji Kawu. Sai idonsa ya faɗa kan tibi. "Tsaya. Mene ne wancan ka tsallake?"

"Gawa ce, Kawu."

"Na ga gawa. Me ke hannunta?"

"Takarda ce, ba ta da amfani."

"Koma baya."

Na koma, na buɗe masa. Ya gyara tabarau, ya miƙe ƙyam kamar alƙali na kallonsa, ya karanta da Turanci, sannan ya fassara mini da Hausa, alhali ba wanda ya roƙe shi. Mai takardar shi ne mai kula da famfunan ruwan kumbon. Sunansa na Turanci sai ka tauna harshe kafin ya fita, nan take Kawu ya raɗa masa Audu. Ranar da dodanni suka ɓalle, akwai wata ƙofa da ba ta kulluwa sai an riƙe ta ta ciki. Audu ya tsaya ya riƙe, sauran mutane suka shiga ƙananan jirage suka tsira. A ƙarshen takardar ya ce duk wanda ya tsinci wannan, ya gaya wa yayansa bai gudu ba.

Kawu ya nemi benci ya zauna.

"Ka gaya masa?"

"Wa?"

"Yayan."

"Kawu, gem ne fa."

"Kullum ta nan kake wucewa?"

"Kullum."

"Kullum kana tsallake wasiyyar mutum da takalminka." Ya girgiza kai. "To, ni dai na karanta. Tunda na karanta, ta hau kaina."

Maganar kora ta mutu a nan. Daga ranar, safiya ta Kawu ce a shagona, kuma aikinsa ɗaya a duniya: ya nemo yayan Audu ya gaya masa ƙanensa bai gudu ba.

Ku zo ku ga yadda yake buga gem. Mutumin da ya riƙe rimot kamar an miƙa masa jaririn wani. Ba ya gudu, wai ba a gudu a gidan mutane. In zai shiga ɗaki sai ya yi sallama. In ya ga gawa sai ya ce Allah Ya jiƙan musulmi, sauran kuma Allah Ya san nasa, sannan ya duƙa ya karanta abin da ta bari. Harbi kuwa bai iya ba kuma bai nemi ya iya ba. Yana tsaka da karatu dodo zai zo ta baya ya haɗiye shi da tabarau da komai, tibi ta yi ja. Sai ya ajiye rimot ya dube ni.

"Wannan dabba ba ta da tarbiyya. Mutum na karatu."

Ina jin duk Jigawa ba wanda dodo ya ci kamar Kawu. Da a ce naman gaske ne, da dodannin nan sun yi tumbi. Amma fa kafin damina ta fita ya san kumbon nan fiye da yadda ya san gonarsa ta hanyar Ɗanzomo. Ya san wa ke neman wa da aure, wa ya sace wa mai girki gwangwanin madara, wane likita ne ke sha a ɓoye. Matasa za su zo suna taƙama sun gama gem ɗin a zama ɗaya, sai ya ce, "Madalla. Matar injiniya ta haihu ko ba ta haihu ba?" Su ce ba su sani ba. Ya ce, "Ka ratsa gari ba ka gaida kowa ba, ka zo kana ce mini ka je."

Yayan Audu dai ba ya cikin kashi na biyu. Muka ji an ce akwai kashi na uku, amma kaset ɗin ya gagara a Gumel. Wani ya tsegunta wa Kawu an ga irinsa wajen wani ɗan ƙetare a kasuwar Maigatari. Mutumin da in ka ce ya raka ka tasha sai ya ce gwiwa, ranar Alhamis shi ne a gaban mota, an matse shi tsakanin direba da wani mai akuya. Ya dawo da la'asar, rigarsa duk gashi, kaset a aljihu yana murmushi kamar ya dawo daga ɗaurin aurensa.

Muka saka. Gem ya tashi da Faransanci.

Na yi dariya har na faɗo daga benci. Kawu ya miƙe. Ya fita, ya tsallaka titi, ya dawo riƙe da hannun Musa mai shayi, mutumin Damagaram, wanda ya taɓa yin lakwal, makarantar bokon Faransanci, yana yaro. Musa da matacin shayi a hannu, yana waiwayen teburinsa.

"Dattijo, ruwana na kan wuta."

"Ruwa ba ya mutuwa. Karanta."

Musa ya leƙa tibi, ya karanta layi ɗaya da ƙyar, ya ce, "Walla a lakwal ba a koya mana Faransancin sama ba. Namu na ƙasa ne, kaza, akuya, ina kwana."

"Kawo na ƙasan, ni zan ɗaga shi."

Haka suka yi ta yi, Musa na tsinto kalma, Kawu na ɗinkewa, masu shan shayi na tsaye a ƙofar shago da kofuna suna jira. Ba a jima ba masu shayin suka daina tambayar shayi, suka koma tambayar ina aka kwana.

A wata tashar sama, cikin wani lungu da ba abin da zai kai ka in harbi ka zo yi, suka same shi. Wani gabjeje mai gemu, yana sayar da kayan gyaran jirage. Kawu ya gane shi ta wata takarda da ke manne a bangon shagon, mai sunan gidansu Audu. Ya raɗa masa Garba. Muka matsa kusa, Garba ya buɗe baki, Musa ya fassara: wai shi ba shi da ƙane, wanda yake da shi matsoraci ne, ya gudu ya bar mutane.

Kawu ya juyo gare ni. "Lawan, ina botin ɗin gaya masa?"

"Babu, Kawu. Saye kawai ake yi a wajensa."

"Ba za a rasa ba."

Ya danna wannan, mutuminsa ya yi tsalle. Ya danna wancan, ya tsuguna. Ya danna na uku, ya zaro bindiga ya saita ta a goshin Garba. Kawu ya saki rimot ɗin yana ba da haƙuri. Daga ƙarshe ya tashi tsaye, ya cire hula, ya matsa har numfashinsa na taɓa gilashin tibi, ya yi sallama, ya ce, "Malam Garba, ƙanenka bai gudu ba. Ƙofa ya riƙe. Na ga gawarsa da idona."

Garba ya sosa gemu, ya maimaita maganarsa ta ɗazu, kalma ba ta canja ba.

Kawu ya mayar da hula. "Wannan taurin kai na san shi. Dangin Hajara ne, mutanen Gagarawa."

Inna Hajara matarsa tana jin mu ta taga. Ta ce, "In dangina ne, ka ce ya zo ya ɗauke ka, ka je can sama ku ƙarata. Tuwonka ya huce tun ɗazu."

Abin ya tsaya masa a rai har sai da ya kai wa limamin unguwarmu, ni ina biye don kada a ba ni labari.

"Allah gafarta Malam, mutum ya bar wasiyya, na kai saƙo, wanda aka aike ni wajensa yana tsaye a gabana, na faɗa, bai ji ba. Na sauke?"

"Kurma ne?"

"Yana magana garau."

"To ka kai shi gaban manyansa mana. Ɗan wane gida ne?"

"Kamfani ne ya yi shi."

Dole na sa baki na yi bayani. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na motsi. Da ya samu kansa ya ce, "Malam Habu, wanda babu shi ba ya ɗora wa mai rai nauyi. Je ka huta, ba komai a kanka."

Kawu ya yi godiya har ƙasa. Muna fitowa ya ce mini, "Malam ya yi gaskiya. Amma bai karanta takardar ba."

Juma'ar da ta zagayo, bayan an sallame, liman ya riƙe hannunsa ya yi ƙasa da murya. "Malam Habu, yayan nan ya ji kuwa?"

Sai kashi na huɗu ya fito, wannan karon da Turanci, kuma shi ne ya kusa kwantar da Kawu. A ciki akwai rahoton kwamandan kumbon, a fili, ba ma a ɓoye ba, yana cewa mai famfo ne ya gudu ta ƙofar hagu ya bar ɗakin ruwa a buɗe, shi ya jawo asarar kumbo. Wato masu gem ɗin da kansu sun shafa wa Audu baƙin fenti. Ranar ko ƙosai Kawu bai aika saye ba.

Washegari ya sa aka fito da tibi gindin dalbejiya, wajen majalisar tsofaffin abokansa da suka daɗe suna masa tsiya wai ya koma yaro. Ya ce yau za a yi shari'a. Ya sa na mayar da kashi na biyu, ya kai mu ɗakin girki, ya buɗe wata takarda da mai girki ya ɓoye bayan tukunya. A ciki mai girkin na ƙorafi cewa kwamanda ne ya fara shiga jirgin tsira, da kyanwarsa a hammata, tun dodanni ba su iso ɓangaren ruwa ba.

"Mutumin da ya riga kowa fita," in ji Kawu, "da wane ido ya ga abin da aka yi bayansa?"

Majalisa ta ce babu.

"Sannan ya ce ƙofar hagu. Lawan, kai mu ɗakin ruwa."

Na kai su. Ya sa na zagaya bango kaf. Hagu ba ƙofa, sai bututu.

"A ɗakin nan dodo ya fi cina," ya ce. "Da akwai ƙofar hagu, da ni na fara bi."

Tsofaffin nan da suka zo dariya, sai ga su suna tsine wa kwamanda. Wani har ya ce irinsu ya yi aiki da su a sakatariya.

Bai tsaya nan ba. Na taɓa gaya masa akwai zaure a intanet inda masu buga gem ɗin daga ko'ina a duniya ke musu. Ya karɓi wayata ya yi musu saƙon murya da Turancin kotu, mai tsawon da sai da wayar ta yi zafi kamar dutsen guga. Ya kawo shaidar mai girki, ya kawo ta bututu, ya rufe da cewa yana roƙon a wanke mamaci. Mutane suka yi ta turo alamar tafi da ta dariya, suna kiransa kaka. Wani yaro mai kaifin baki ya rubuto cewa a daina wahala, marubucin kashi na biyu ya bar kamfanin, sabon bai karanta tsohon labari ba, kuskure ne kawai.

Ni da ɗan Turancina na gane gaskiya yaron ya faɗa. Kawu ya karanta ya ce, "Ce masa marubuci ya canja. Gawar ta canja? Tana nan inda na bar ta, hannunta a kan ƙofa."

Shekaru suka ja, kashi na biyar shiru. A ciki ne ciwo ya kama Kawu, ɓarin jikinsa na dama ya saki, ya koma zaure a kan katifa. Abinci sai Inna Hajara ta yi da gaske yake karɓar loma. Duk wanda ya shigo dubiya, bayan gaisuwa tambayar da Kawu ke masa ɗaya ce, an ji labarin sabon kaset? Likita ma sai da ya ja ni gefe ya tambaye ni wane ne Garba, ko ɗansa ne da suka ɓata.

Da kashi na biyar ya fito, ban jira ya iso Gumel ba, Kano na je na ɗauko. Muka kinkimo tibi muka kai zaure da hantsi. Musa ya rufe teburinsa ya zo, majalisa ta zo, Inna Hajara ta tsaya bakin ƙofar cikin gida tana cewa ita wucewa take yi, ba ta kuma wuce ba. Ni na riƙe rimot, Kawu na ba da umarni da hannun hagu. Ranar na yi harbin da ban taɓa yi ba, don ban yarda wani dodo ya ɓata wa tsohon nan lokaci ba.

Sai bayan azahar muka isa tashar Garba. Shagon a rufe, ƙura ta hau kanta, ba kowa. Na ce, "Kawu, ya tashi."

"Mai shago ba ya tashi bai bar komai ba. Duba ƙarƙashin kanta."

Babu.

"Bayan ƙofa."

Babu.

Ya ƙura wa tibin ido. "Ƙanensa mai famfo ne. Je wajen tankin ruwa."

Tana can, a maƙale bayan tanki, inda ba mahalukin da zai duba sai irin Kawu. Na buɗe. Idonsa bai kai ba, ni kuma Turancina na sayen kati ne. Ya ce a ɗaga shi. Ni da Musa muka tallafe shi har gaban tibi, ya karanta da bakin nan da ya karkace, a hankali, sannan ya fassara mana kamar yadda ya saba.

Garba ne ya rubuta. Ya ce ya tsufa yana zagin ƙanensa. Sai wani matafiyi da ya shiga tsohon kumbon ya zo ya gaya masa abin da ya gani a ɗakin ruwa. Ya ce rahoton kwamanda ƙarya ne. Ya rufe shago zai tafi ya ɗauko ƙanensa ya binne shi da hannunsa.

Musa ya juya yana goge ido da tsumman shayi.

Kawu ya ce, "Matafiyin nan ni ne."

Ni kuma bakina ba ya zama lafiya. Na ce, "Kawu, kamfani ne fa ya gyara kuskurensa."

"Kamfani ya taɓa shiga kumbon? Ni aka ci a ciki." Ya lumshe ido. "Ku kwantar da ni. Na sauke." Can kuma ya buɗe ido ɗaya. "Hajara, akwai sauran tuwo?"

Ta ce tun da ya kwanta bai ci kamar na ranar ba, har da neman ƙari.

Bai kai kaka ba. Ranar jana'izarsa na ga matasan da ya hana gudu a gidan mutane, sun yi sahu, wasu da 'ya'yansu. Liman da ya gama sallah ya daɗe tsaye a kansa.

Har yau ban sani ba ko saƙon muryar nan ya kai kunnen wani a can, ko dama can sun shirya abinsu. Ni dai na san na zauna da mutumin da bai yarda a yi wa wanda ma babu shi ƙazafi ba, balle mai rai.

Allah Ka jiƙan Kawu Habu. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ya tarar duk abin da aka ɗora masa a duniya ya isa inda aka aike shi. Mu da ya bari, Ka ba mu masu faɗin gaskiya a kanmu ranar da ba mu da bakin faɗa. Amin.